Ɗigon Fenti a Ƙasan Kwano

Idan kana neman mutumin da za ka ce wa "ina kwana" ya tsaya tunanin abin da kake nema a wurinsa, to ka shiga Zongon Kwatano ka tambayi gidan Ƙasimu Fentir. Ba mugu ba ne, Allah ya sani, kuma bai taɓa cin haƙƙin kowa ba. Zargi ne kawai ya zame masa jiki. In ka yaba rigarsa sai ya duba ko ta yage ta baya. In mahauci ya ƙara masa tsoka ɗaya, ba zai kai ta gida ba sai ya shinshina. Matarsa Mamata, wadda ta shekara talatin da huɗu tana fama da shi, takan ce ko a makon aurensu sai da ya tambaye ta abin da ya sa iyayenta suka amince da wuri haka.

A nan Zongo aka haife shi, bayan babban masallaci, a ɗakin da aka haifi ubansa. Kakansa ne ya gangaro daga arewa da fataucin goro, ya ga teku, ya ce tafiya ta ƙare. Uban ya yi tuƙin babbar mota tsakanin Kwatano da Malanville har idanunsa suka gaji. Shi kuwa Ƙasimu lakwal aka sa shi, wato makarantar boko, ya yi aji huɗu a daddafe, har malamin ya gane cewa ba zai taɓa haɗa jimlar Faransanci ta miƙe ba, amma haruffansa sun fi na littafin kyau. Da wannan shaida aka kai shi Tokpa-Hoho wurin wani tsohon mai fenti ɗan Togo. Ya daɗe yana wanke buroshi kafin a bar shi ya ja layi ɗaya a kan allon mutane.

Da aka yaye shi kuwa, sai da Zongo ta san an yi mai fenti. Shi ya yi allon wanzami mai kawuna shida, kowanne da irin askinsa. Shi ya rubuta addu'o'in da ke bayan manyan motoci, da lambobin da ke bayan riguna masu ruwan ɗorawa na 'yan zemijan, masu haya da babur. Ba ya aiki da rula. Zare yake turmusawa a bula ya ɗaure gefe da gefe, ya ja ya saki, layi ya fito, sannan ya zauna kan harafi kamar mai yi wa amarya lalle. Daga nesa ake gane aikinsa, domin kowane harafi nasa yana da inuwa a hagu, kuma iskar tekun nan da ke cinye fentin kowa cikin damina biyu takan shekara goma tana fama da nasa. Sunan Fentir daga Faransanci ya zo, ma'anarsa mai fenti, ya bi shi har sahun masallaci.

Akwai kuma wani aiki da ya daɗe yana yi wa matan unguwa, wanda ba a taɓa biyansa ba, shi ma bai taɓa ɗaukarsa aiki ba. A Zongo kwano ba ya zaman gida ɗaya. Suna, rasuwa, jinya, azumi, kullum kwanoni suna yawo gida-gida cike da abinci, kuma duk kamarsu ɗaya, farare masu shuɗin baki, daga rumfuna ɗaya aka sayo su a kasuwar Dantokpa. Don kada su ɓace, kowace mace takan kawo nata wurin Ƙasimu idan fenti ya rage masa, ya kife su ya ɗiga mata alama a ƙasa. Wannan ɗigo uku ja, waccan layi shuɗi da ɗigo rawaya, wata kore biyu a jere. Shi ke ƙirƙiro alamar, shi ke lura kada ta wani gida ta yi kama da ta wani. Macen Zongo ko ba ta taɓa shiga aji ba, in ta kife kwano ta san gidan da ya fito.

Sai zamani ya juya. Rafiou, ɗan wani tsohon abokinsa, ya buɗe shago a bakin titi da injin da ke fitar da allon leda cikin awa ɗaya, har da hoton mai kantin yana murmushi. Aiki ya fara ja da baya. Ɗan abin da ya rage kuma tsani ya ƙarasa shi. Shekara biyu da suka wuce yana rubuta sunan wani kantin magani a Sainte-Rita, ƙafar tsanin ta zame a laka, ya faɗo ya karya ƙugu. Ya yi wata huɗu a kwance. Da ya tashi, da sanda ya tashi, kuma babu mai kiran mai sanda ya hau masa bango.

Tun daga lokacin kwanoni suka fara shigowa gidansa ta ƙofar baya. Ba a yi taro a kai ba, ba wanda ya furta. Da hantsi ko da la'asar wata za ta leƙo da abu a ƙarƙashin mayafi, ta ce aron muciya ta zo yi, ta fita ba muciyar. Mamata ta juye abincin a kwanonta, ta ɗauraye na mutane ta tura ƙarƙashin gado, ta kawo masa tana cewa yau ta ɗan canja hannu a miya. Shi kuma ya ce madalla. Ya sani sarai. Mutumin da ke shinshina tsokar mahauci ba zai kasa gane miyar kuɓewar Hajiya Tabawa ba, tsohuwar da ke gida na uku da nasu, wadda ke zuba daddawa kamar ba gobe. Kuma ya taɓa laluben takalminsa a ƙarƙashin gado, ya ci karo da ɗigon da ya yi da hannunsa. Amma muddin ba a faɗa ba, shi ne Ƙasimu Fentir mai ciyar da gidansa. Wannan ɗan rufin asirin shi ne abin da ya rage masa a duniya, kuma yana lallaɓa shi fiye da yadda yake lallaɓa ƙugun.

Ana cikin haka, wata safiyar Talata bayan an ɗauke ruwa, zemijan ya sauke wata budurwa a ƙofar gidansa, da jaka a kafaɗa da ɗankwalin da aka ɗaura a gaggauce. Ta durƙusa ta gaishe shi yadda ya kamata. Ta ce sunanta Sabrina, kakarta ta wajen uwa 'yar Zongo ce, ita kuma a Agla ta tashi. Hausarta na tafiya tana tuntuɓe, Faransanci na tallafe ta.

"Papa, aiki na kawo maka. Santir ɗinmu, cibiyar al'adu, zai yi ekispozisiyon, mu baje hotuna da kaya mutane su zo su gani."

"A kan me?"

"A kan bayarwa. Yadda baƙar fata suke taimakon junansu, nan Afirka da 'yan'uwanmu na Amerika da Brezil. Kullum in ka ga foto na taimako, hannun da ke bayarwa fari ne, wanda ke karɓa baƙi. Mun gaji da wannan foto. Muna so mu nuna abin da kakanninmu suke yi tun da, ba kamara ba jarida."

Ta ce ita aka ɗora wa neman fuskar da abin zai fito da ita: tambari ɗaya, da launi, da irin haruffan da za a gani a ƙofar shiga, da afish ɗin da za a manna a gari, da katin gayyata, har da rigunan masu tarbar baƙi. Kuma da hannu take so a yi na farko, daga shi za a kwafi sauran.

Gaban Ƙasimu ya faɗi tun daga kalmar bayarwa. Duk faɗin Kwatano a rasa gidan da za a kawo zancen taimako sai gidan da ake ci a kwanon maƙwabta? Ya kafa mata ido, ya ce, "Wa ya nuna miki gidana, Madam?"

"Na tambaya a kartiye, nan cikin unguwa."

Amsar ba ta yi masa ba. Sai ya yanka mata farashin da ya tabbata zai kore ta, wanda ko lokacin da yake tashe bai taɓa faɗa wa kowa ba. Ta ce, "Dakor," ta amince nan take, ta rubuta masa kalmomin da za a sa a allon, ta ce za ta dawo Alhamis ta sama. A garin da mai sayen allura ma sai ya yi ciniki! Ƙasimu ya bi zemijan ɗin da kallo har ya sha kwana, kuma kafin ya koma kan tabarmarsa ya riga ya yanke cewa sadaka ce aka sa wa rigar aiki.

Da Mamata ya fara. "Maman Nimatou, ke kin san yarinyar nan?"

"Yau na fara ganinta, Malam."

"To me ya sa kika kawo mata ruwa a kofin baƙi tun kafin ta zauna?"

"Don baƙuwa ce."

Ta faɗa ba ta dube shi ba, ya riƙe wannan a ransa. Washegari ya dogara sanda har shagon Rafiou. Rafiou ya miƙe ya ba shi kujera, wannan ma bai yi masa daɗi ba.

"Ta zo, Papa. Na nuna mata zane kusan talatin a ordinatar, kwamfutar nan tawa, ta ce mersi ta tafi."

"Ba ta ce komai a kaina ba?"

"Ta dai tambayi wanda ya yi allon wanzamin da ke tsallaken titi. Na ce kai ne."

"Kai ka turo ta wurina ke nan."

"A'a wallahi, ni da nake son aikin?"

Ƙasimu ya dubi fuskarsa. Wallahin ya fito da sauri da yawa. Ranar Juma'a kuma, yana dawowa daga masallaci, ya hango Sabrina tana fitowa daga gidan Hajiya Tabawa, tsohuwar ta rako ta har bakin ƙofa suna dariya. Shi ke nan, magana ta ƙare. Kafin ya kai gida ya gama gina labarin tun daga tushe. Matan unguwa sun gaji da dafa masa, sun haɗa kai, Tabawa ta nemo wata jikar ƙawarta ta zo ta yi kamar tana bukatar allo. Ko kuma abin ya fi haka muni: shi ne kayan kallon. Za a ɗauke shi hoto da sandarsa a rataye a bango, a rubuta a ƙasa cewa ga tsohon da unguwa ke ciyarwa, mutanen Amerika su zo su girgiza kai. A ranar an kawo masa shinkafa da wake da soyayyen kifi, girkin gidan masu ɗigo kore ne, ya ci loma biyu ya ture.

Da wani ne, da sai ya je ya tambayi Tabawa, ko ya ce ba ya yi a wuce wurin. Amma tambaya tana nufin ya san da kwanonin, kuma ƙin aikin yana nufin ba zai taɓa sanin gaskiya ba. Ga shi kuma, a can ƙasan ransa, yana son aikin nan kamar me. Shekara biyu rabonsa da ƙamshin sabon gwangwanin fenti. Don haka ya ƙulla dabarar da sai irinsa: zai yi mata allon da ya fi kowane allo muni. In ta karɓa ta ce ya yi kyau, to tausayi ne ya kawo ta, ya sallame ta da ita da waɗanda suka aiko ta. In ta ƙi, to sai a ga abin da Allah zai yi.

Bai taɓa sanin ɓata aiki ya fi gyara shi wuya ba sai a makon nan. Hannun dama ya ƙi ba shi haɗin kai, ko ya karkatar da harafi sai ya ga ya miƙe da kansa, dole ya koma hagu. Ya zana taswirar Afirka ta fito kamar dankalin da ya kwana a ruwa. Ya sa hannu biyu suna musabaha a tsakiya, ya ɗora musu jar zuciya a sama. Haruffa wasu sun kwanta wasu sun durƙusa, fenti ya zubo ya bar shi ya bushe a haka. Kowane jan buroshi sai da ya ji shi a ƙirji. Mamata ta wuce da tsintsiya ta ga allon, ta buɗe baki ta rufe, ta ci gaba da shara. Ya ce a ransa, ita ma da ita aka haɗa baki.

Alhamis bayan azahar Sabrina ta iso. Ya jingina allon a bangon tsakar gida ya rufe da tsohon zane, kuma ya riga ya haddace abin da zai faɗa: ki gaya wa waɗanda suka turo ki na gode, amma Ƙasimu bai kai nan ba tukuna. Ya yaye zanen, ya koma ya zauna, ya ɗora haɓa a kan sanda.

Ta daɗe tana kallo. Ta matsa kusa, ta ja baya.

"Papa, wa ya yi wannan?"

"Ni."

"Non."

"Ni na yi, Madam. Bai yi kyau ba?"

Ashe yarinyar nan tana da baki. Ta zaro waya daga jaka ta durƙusa a gabansa tana turo masa hotuna ɗaya bayan ɗaya. Allon wanzami, allon tela, bangon wata makarantar allo da ya manta ya taɓa yi, bayan wata motar da ta mutu tun tuni a gareji. Ta ce wata guda ta yi tana yawo a rana daga Zongo har Tokpa-Hoho tana bin haruffa masu inuwa a hagu, ba ta san sunan mai su ba.

"Dubi wannan harafin, dubi ƙafarsa! Mutumin da ya yi wannan ne zai ba ni dankali da zuciya? Hannu biyu da zuciya, Papa, shi ne a jikin motar kowace ƙungiyar agaji, shi muke gudu. Na yi faɗa da direktar a kanka, shi inji yake so. Saura sati uku a buɗe. In hannunka ne ya mutu, ka faɗa mini gaskiya in nemi wani. In kuma raina ni ka yi don ni mace ce ƙarama, wannan ma ka faɗa. Wanne ne?"

Ta wanke shi tas, ba ta rage masa komai ba. Ƙasimu kuwa wani daɗi ne ya ratsa shi har cikin ƙashi. Tun ranar da ya faɗo daga tsani kowa a hankali yake masa magana, kowa sannu, kowa Allah ya ƙara sauƙi, ko ya yi laifi sai a ce ba komai. Yau ga wadda ta yi masa faɗa a kan harafi, kamar yadda tsohon ɗan Togon nan yake yi masa. Idanunsa suka ciko. Amma tsoro ya biyo daɗin a guje, domin ta riga ta mayar da wayar jaka ta miƙe.

"Dakata, 'yata. Me kika je yi gidan Hajiya Tabawa ranar Juma'a?"

"Hira na je yi da ita a kan girkin da mata suke yi in an yi rasuwa. Ta ƙi a ɗauki muryarta. Da ta ji kai na ba aikin, ta ce in shirya, kai ko ruwa aka ba ka sai ka tambayi wanda ya ɗebo."

Wannan kam bakin Tabawa ne, ba ƙari. Zargin bai mutu ba, irin nasa ba ya mutuwa, amma ya ja gefe ya ba da hanya. Sabrina ta sauke ajiyar zuciya, fushin ya koma gajiya.

"Pardon, Papa, na ɗaga maka murya. Abin ne ya ishe ni. 'Yan'uwanmu na Amerika sun aiko da hotunan makarantu da asibitoci, da sunan waɗanda suka gina. Nan Zongo kowa na tambaya sai ya ce mu ba ma yin komai. Na san ƙarya ne, kakata a nan ta tashi. Amma yaya zan yi wa abu tambari alhali masu shi ɓoye shi suke yi?"

Ƙasimu ya san amsar, domin da hannunsa ya ɗiga ta. Ya fara gwada hanya mai sauƙi. Ya jawo kwanon gidansu da ke kife a bakin rariya, ya nuna mata ɗigo biyu baƙi da ke ƙasansa, ya yi mata bayanin yadda kowane gida ke da nasa. Ta juya shi a hannu, ta ce abin sha'awa ne, amma wannan ai alamar mai kaya ce, kamar suna a kan jaka, ina ruwanta da bayarwa? Ta ajiye, ta gyara jakarta a kafaɗa.

Gaskiya ta faɗa. Kwano ɗaya ba ya cewa komai. Sai alamu daban-daban sun haɗu a gida ɗaya, a ranar da ba suna ba rasuwa, sannan mai ido zai gane abin da ake ciki. Kuma gida ɗaya ne a duk Zongo da yake da ikon buɗewa ya nuna. Ya dubi ƙofar ɗaki, ya dubi mugun allon da ke jingine, ya dubi yarinyar da ta kusa zaure. In ta fita, wannan dankalin ne aikinsa na ƙarshe a duniya.

"Maman Nimatou," ya kira. "Fito da na ƙarƙashin gado."

Motsin da ake yi a madafi ya tsaya cak. Can Mamata ta ce, "Ba komai a ƙarƙashin gado sai takalma, Malam."

"Maman Nimatou. Fito da su."

Ta wuce ta gabansu ba ta dubi kowa ba. Aka ji ƙarar ƙarfe yana gogar siminti. Ta fito da kwano biyar a rungume, ta dire a kan tabarma, ta koma ta jingina da bango. Ƙasimu ya kife su ɗaya bayan ɗaya. Ja uku, shuɗi da rawaya, kore biyu, da wasu biyun. Bai ambaci sunan kowa ba.

"Babu namu a ciki," ya ce. "Na wannan satin ne. Tun da na faɗo haka ake yi, kuma har yau ba wadda ta shigo gidan nan ta ce ga shi na kawo."

Sabrina ta zauna a ƙasa a hankali. Sannan hannunta ya tafi jaka wajen waya. Ya gitta sandarsa a kan kwanonin.

"Ba foto. Duk macen Zongo da ta ga wannan ta karanta shi kamar suna, ta kuma san gidan da suka taru. Ni na buɗe nawa, ban da ikon buɗe nasu."

"To yaya za mu yi?"

Ya ce zai zana kwano biyar a kife, farare masu shuɗin baki, kowanne da alamarsa, amma alamar da babu gidan da yake da ita. Shi kaɗai zai iya tabbatar da haka, tunda shi ya raba wa kowa tata. Wanda ya sani zai gane, wanda bai sani ba zai tambaya, kuma ba asirin wanda zai tonu. Launi daga kwanon za a ɗauka, fari da shuɗi da ɗigon ja. Haruffa kuma ta bar masa.

Ta miƙe tana share ido da bakin ɗankwali, amma muryarta ba ta yi laushi ba. "Sati ɗaya, Papa. In ya fito kamar wancan, zan dawo maka da shi."

"Ki dawo da shi," ya ce, kuma har ransa ya ji daɗin sharaɗin.

Allon da ya fito bayan kwana shida shi ne ya tsaya a ƙofar santir ɗin a Agla, aka kwafe shi a afish da kati da riguna, har matan Zongo suka riƙa tsayawa a gaban bango suna neman alamarsu ba su samu ba. Amma wannan daga baya ne. A wannan la'asar ɗin, bayan ƙarar zemijan ta yi nisa, su biyu suka rage a tsakar gida da kwanonin mutane a tsakaninsu. Mamata ba ta motsa daga jikin bango ba.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun watan farko."

"Ka bar ni ina ta ce maka na canja hannu a miya."

"Na ga kamar hankalinki ya fi kwanciya a haka."

Ta yi wata 'yar dariya wadda ba ta daɗi ba. Ta matso ta durƙusa a gabansa, ta buɗe masa tafukan hannunta. Kan yatsun duk sun yi sulɓi, fatar ta sake launi, ga wani sabon ƙuna a babban yatsa bai gama warkewa ba.

"Da zafinsa suke kawowa. A tsaye nake juyewa, a guje, ba tsumma, don kada ka fito ka gani. Shekara biyu, Malam. Da ka faɗa mini, ai da na riƙa bari ya huce."

Kullum waɗannan hannayen ne suke ajiye masa abinci, kullum kuma abincin yake bincike. Kunya ta rufe shi, irin wadda bai ji ba ko lokacin da yake kife kwanonin a gaban baƙuwa. Ya ajiye sandar a gefe, ya kama hannun nata da nasa biyu, ya daɗe yana dubawa.